Kwalabe Shida Masu Jan Zare

Idan ka tambayi mutanen garin Turawa aikin Malama Sadiƙa, za su ce maka tana koyar da 'yan mata kimiyya a wata sakandare a Karaye, kuma gaskiya suka faɗa. Amma ka matsa ka tambayi wane irin karatu ne ya hana ta biki da suna har shekara shida, to nan fa za ka ji iri-iri. Wasu su ce bam take haɗawa. Akwai tsohuwar da har rantsuwa take yi wai maganin ciwon daji ne. Duk ba haka ba ne, ita ma ta gaji da gyara musu.

A Zoza aka haife ta, ta ƙasar Rogo, a gidan da ake noman gyaɗa da dawa, ana kuma kiwon shanu. Ita ce ta biyar a ɗakinsu, kuma tun tana 'yar mitsitsiya ta addabi kowa da tambaya. Me ya sa nono yake tsami idan ya kwana? Uwarta ta ce haka Allah ya yi shi. Ta ce ai ta san Allah ne, ta yaya dai ya yi shi? Ranar ta sha ludayi a ka. Da ta girma sai tambayar ta koma bayani, wanda ya fi tambayar gajiyar da mutane. Sadiƙa ba ta iya miƙa maka ko gishiri ba tare da ta faɗa maka abin da ke cikinsa ba. Ta yi firamare, ta yi sakandare, ta yi kwalejin malamai, aka aurar da ita ga Shitu mai gyaran injin ban ruwa a Turawa, kowa ya ce to, yanzu sai a huta. Ina! Da goyo ta yi digiri na farko, da wani goyon ta yi na biyu, sannan ta ce saura na uku.

Shitu mutum ne marar yawan magana, hannunsa kullum da baƙin mai. Bai taɓa cewa ya gane karatun nata ba, bai kuma taɓa cewa ta bari ba. Shi ya kafa mata farantin sola a kan rufi don kwamfutarta, shi yake kai ta tasha a babur duk ranar da za ta je jami'a, ya tsaya har motar ta tashi. Idan abokansa suka tsokane shi da mijin Dakta, sai ya ce su bari tukuna ta zama.

Ga abin da take yi, a taƙaice. Akwai wani haske da ake kira gamma. Ido ba ya ganinsa, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti ne, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan ya ratsa ruwa yakan farfasa ƙwayoyin ruwan, gutsattsarin su fito a haukace su afka wa duk abin da suka tarar. Ba sa kai ko ƙiftawar ido a raye, amma kafin su mutu sun yi ɓarna. Idan da ɗan asid a ruwan, irin wanda ke cikin ganyen yakuwa ko wanda ake samu a jikin tururuwa, sai su yi ta gutsurarsa har ya koma iska da ruwa. Sadiƙa ba ta da na'urar hasken, ina za ta same ta a Turawa? Kwamfuta gare ta. Ta tattara hanyoyi hamsin da ɗoriya da gutsattsarin nan ke bi su haɗu da juna da kuma asid ɗin, kowace hanya da saurinta, ta jera su a lissafi. Idan ka faɗa wa kwamfutar ƙarfin haske da yawan asid, sai ta zana maka layi mai gangarowa, ta nuna nawa zai rage bayan awa ɗaya, bayan uku, bayan shida. Masu son tsabtace gurɓataccen ruwan masana'antu da wannan haske za su san iya abin da za su ba shi, ba su yi ta lalube ba.

To amma layi a kwamfuta layi ne kawai. Malamin da ke duba aikinta, Farfesa Abdulmutalib, ya faɗa mata tun farko cewa ba za a karɓi lissafi ba sai an gwada shi da ruwa na gaske a na'ura ta gaske. Cibiyar da ke da na'urar tana da nisan yini guda a mota, ga layin jira mai tsawo. Ta rubuta sunanta, ta jira shekara biyu. Kafin nan jami'a ta ƙara mata lokaci sau biyu, a na biyun aka rubuta mata ɓaro-ɓaro cewa wannan ne na ƙarshe: in ba ta miƙa kundi a ƙarshen zangon nan ba, za a soke sunanta. Sai ga takarda daga cibiyar, an ba ta wata Laraba guda, nan da wata uku. Shitu ya ce shi zai raka ta, har ya nemi wanda zai riƙe masa shago.

Sati biyu bayan zuwan takardar ya fita gyaran inji a fadama da hantsi, aka dawo da shi a kwance kafin azahar. Waɗanda ke wurin sun ce ya sunkuya zai ja igiyar inji, sai ya zauna, shi ke nan.

Sadiƙa ba ta yi kuka ba. Mata suka cika gida, ana ya haƙuri, tana da godiya, ana ya ƙarin haƙuri, tana alhamdulillahi. Suka fita suna yaba tawakkalinta, wai ka ga amfanin ilimi. Wane tawakkali! Matar nan ba ta jin komai ne. Abinci ba daɗi ba ɗaci, rana ta fito ta faɗi, a ba ta ruwa ta sha, a ce ta tashi ta tashi. Bakin nan da ya gajiyar da Zoza da Turawa ya mutu murus. Wayarta ma kashe ta ta yi ta tura ƙarƙashin filo, don duk wanda ya kira magana ɗaya ce, ita kuma amsa ɗaya ce.

Takaba wata huɗu ce da kwana goma, Larabar cibiyar kuwa ta faɗo a wata na uku. Surukarta, Inna Ummu Hani, ba muguwar mace ba ce, ita da kanta ta aika a tambayo liman. Liman ya ce fita da rana saboda larura babu laifi, amma kwana a wani gari, a'a, tafiyar kuwa kwana biyu ce. Sadiƙar da aka sani da sai ta aika wa malamai uku, ta kawo hujja, ta yi musu har a gaji. Wannan ta ce to. Farfesa ya rubuta wa cibiyar a ɗaga ranar, aka ce in ta bar ta, sai dai ta koma ƙarshen layi. Suka yarda dai a aiko da wakili.

Shugabar makarantarsu ta sa aka kawo mata kwalin kayan awo da jarkar tataccen ruwa. A tsakar gida ta haɗa ruwan, hannunta yana yi shi kaɗai kamar yadda yake tuƙa tuwo. Kwalabe ashirin da huɗu, farare tas, kowace da lambarta. Sha takwas za su shiga na'ura kashi uku: shida awa ɗaya, shida awa uku, shida awa shida. Sauran shidan ta ɗaura musu jan zare a wuya. Su ba za su shiga ba. Za su yi tafiyar tare da 'yan'uwansu, su sha zafin mota iri ɗaya, jijjiga iri ɗaya, su kwana inda aka kwana, su dawo ba tare da haske ya taɓa su ba. A aji takan kira irinsu shaidu. Asid ɗin yakan iya raguwa a hanya don kansa, saboda rana ko wani abu da ya shiga ruwan. Idan babu shaidu, ba wanda zai iya rantsewa cewa hasken ne ya ci shi ba hanya ba.

Wakilin da za a aika ba a yi dogon tunani a kansa ba. Yayanta Sulle, babban ɗakinsu, makiyayi ne da duk Zoza ta sani da riƙon amana. Ka ba shi allura ka ce ya kai Kano, zai kai, ya dawo maka da sunan wanda ya karɓa. Kuma ba a cutar na ƙasa a gabansa. A kasuwar Rogo ya taɓa tsayar da ciniki cak don mai awo ya shafe wa wata tsohuwa kan mudu, bai bar wurin ba sai da aka cika aka yi gyara. Karatun allo ya yi, boko kuwa ko sunansa ba ya rubutawa.

Ya zo ranar Litinin da safe, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta.

"Sadiƙa, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Yaya. Ya su Inna a Zoza? Ya shanu?"

"Lafiya lau, suna gaishe ki. To, ina saƙon?"

Ta turo masa kula, irin wadda ake sa ƙanƙara, an jera kwalaben a ciki da tsumma a tsakaninsu. Ta ɗora ambulan a kai.

"Ka ba su wannan takardar. Komai yana ciki."

"Babu wani abin da zan faɗa musu da baki?"

Ta ga jan zaren, ta san akwai magana a kansa, amma maganar ta yi mata nisa, sai an ɗauko ta tun daga farko, ita kuwa ba ta da ƙarfin ɗaukowa.

"Babu, Yaya. Ka dai dawo da su duka."

Ya ƙirga su sau biyu da yatsa, ya rufe, ya ɗora a ka.

Ranar Laraba ta wuce mata kamar sauran ranaku. Ta yi shara, ta tsince shinkafa, wasu mata daga ƙauyen Yola da ke kusa suka zo gaisuwa suka daɗe. Sau ɗaya da rana ta tuna cewa yau ce, ta duba zuciyarta ko za ta ji fargaba, ba ta tarar da komai ba. Wayar tana nan a kashe ƙarƙashin filo.

Sulle ya dawo Alhamis bayan la'asar, ƙafa duk ƙura, fuska kuwa sai sheƙi. Ya sauke kular a gabanta, aka kawo masa ruwa, bai ko sha ba ya ce ta buɗe ta ƙirga. Ta buɗe.

Hasken gamma yana da wata alama da ba ya ɓoyewa. Farin gilashi idan ya sha shi yakan rine, ya koma launin shayi. Sadiƙa ta san haka, abin da take jiran gani ke nan: sha takwas masu launin shayi, shida farare. Ta ɗaga tsumman. Duka ashirin da huɗun launin shayi ne. Ta ɗauko ɗaya mai jan zare ta ɗaga ta a rana, ta juya ta, ta mayar. Ta ɗauko ta biyu.

"Kin gani ko?" in ji Sulle. "Ai sai da aka yi da gaske. Wallahi mutanen nan in ba ka tsaya ba sai su ci haƙƙinka kana kallo."

"Me ya faru, Yaya?"

Ya gyara zama. Ya ce babban jami'in ba ya nan, wani ma'aikaci ya tarar, mai kirki dai a fuska. Ya karanta takarda, ya ware sha takwas ya shiga da su, ya bar shida a kan tebur kamar ba a san da su ba. Da Sulle ya tambaya, sai mutumin ya ce waɗannan ba sa shiga, haka takarda ta ce, ya yi ta wani dogon bayani rabi Turanci rabi gurguwar Hausa.

"Na ce masa, malam, ni ban yi boko ba, amma na iya ƙirge. Ashirin da huɗu aka ba ni. Shekara biyu yarinyar nan tana jiran yau, mijinta ya rasu, tana cikin takaba, don kun ga ba ta zo da kanta ba shi ne za ku yi mata aiki rabi da rabi? Ya ce a kira ki. Na kira sau uku, shi ma ya kira da tasa, a kashe. Na ce to ni ne wakilinta, ni ne ubanta yau, abin da na faɗa ita ta faɗa. Na shimfiɗa rawanina a bakin ƙofar na zauna. Na ce ko su shiga ko mu kwana a nan."

"Sai ya sa su."

"Sai da ya sa na dangwala yatsa a wata takarda tukuna, wai babu ruwansa. Na ce kawo in dangwala goma. Tare da na awa shidan aka sa su, sun sha sosai. Ko ɗaya ba a bar miki a baya ba."

Yana kallonta yana jira. Mutum ne mai shekara hamsin da biyar, ya bar shanunsa kwana huɗu a hannun maƙwabci, ya kwana a benci a tasha da kular a kan cinyarsa don kada a taɓa. Sadiƙa ta nemi haushi a ranta, ta san nan ne wurinsa. Babu. Ta nemi baƙin ciki, shi ma babu. Abin da ta ji kawai shi ne ƙafarta ta dama ta yi sanyi saboda zama, ta miƙe ta.

"Sannu da ƙoƙari, Yaya. Allah ya saka da alheri. Ka sha ruwan mana."

Washegari da hantsi ta yi awon duk da haka, don hannu ya saba. Ta kafa dogon bututun gilashi mai ɗan famfo a kan tebur, ta cika shi da ruwan awo mai launin shunayya, ta ɗumama abin da ke cikin kowace kwalba a risho, ta riƙa ɗigawa. Ɗigo ya faɗa, launin ya ɓace, wani ya faɗa, ya ɓace, har a kai inda ruwan zai tsaya a ruwan hoda, sai ta rubuta lamba. Kwana biyu tana yi. Da ta ɗora lambobin a kan layin da kwamfuta ta zana, sai suka zauna a kansa ɗaya bayan ɗaya, na awa ɗaya, na uku, na shida, da ƙyar ka ga tsakani. Shekara shida na lissafi, ga shi ya yi daidai, kuma babu mai shaida. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta tashi ta kwashe shanya don hadari ya taso.

Ranar Litinin ta kunna wayar. Kira uku na Sulle, biyu na baƙuwar lamba, duk na Laraba tsakanin sha ɗaya da sha biyu. Ta kira Farfesa, ya yi mata ya haƙuri, ta faɗa masa komai a jere ba tare da muryarta ta canja ba.

Ya ce, "Malama, kin san kwamiti. Tambayar farko da mai jarrabawa na waje zai yi ke nan. Ina shaidu? In babu su, babin gwajin ya faɗi, in ya faɗi kundin bai cika ba." Sai kuma ya tambaya, "Babu ko ragowar ruwan da kika haɗa a gida?"

Akwai. Rabin jarka na nan a bayan ƙofa, ga sababbin kwalabe a kwali, ga sauran jan zare. Shida kawai za ta cika ta rubuta musu lamba, ba mai tambayarsu ko sun taɓa hawa mota. Farfesa bai ce ta yi ba, tambaya kawai ya yi, ta kuma gane ya bar mata ƙofa a buɗe ko da bai nufa ba.

"Akwai, ranka ya daɗe. Amma bai yi tafiyar ba."

"Haka ne," in ji shi. "Zan rubuta wa hukuma in nemi alfarma. Ba na so in sa miki rai."

"Na gode."

Kada wani ya ce jarumta ce. Ita kanta ba ta ɗauke shi haka ba. Ƙarya aiki ce, sai an shirya ta, a riƙe ta, a tsaya a kanta a gaban mutum biyar, ita kuwa ko maganar jan zare ta kasa yi wa yayanta. Amsar hukuma ta zo bayan sati uku, layi huɗu, ana yi mata ta'aziyya, ana kuma sanar da ita cewa doka ba ta ba da damar ƙari na uku ba. Ta ninke takardar ta sa a cikin littafin darasi. Ba ta faɗa wa kowa a gidan ba.

Ranar da ta fita takaba aka yi 'yar sadaka, mutanen Zoza suka zo mota guda. Labarin zaman Sulle a bakin ƙofa ya riga ya zaga dangi, kowa ya zo sai ya ce Allah ya bar zumunci, irin wannan yaya ai sai an tona. Da jama'a suka ragu ya same ta a tsakar gida tana haɗa kwanuka.

"To Sadiƙa, yaushe za mu fara cewa Dakta?"

"Da saura, Yaya."

"Aikin dai ya yi ko?"

"Lissafin ya fito daidai."

"Alhamdulillahi! Ni dama na san in aka sa su duka zai fito." Ya ɗan sosa ƙeya. "Kwalaben nan fa, in kin gama da su. Murfinsu yana kamawa da kyau, na ce ko zan samu na zuba maganin shanu. Ba su da illa ko?"

"Ba su da illa. Hasken ba ya zama a jikinsu."

Ta shiga ɗaki ta fito da kular. Ta tsuguna a bakin rariya ta wanke su ɗaya bayan ɗaya da sabulu, ta ɗauraye sau uku, ta kankare lambobin da farce. Zaren ya jiƙe ya ƙi kwantuwa, ta sa wuƙa ta yanke. Sulle yana tsaye yana ba wani ƙaninsu labarin yadda ma'aikacin ya yi ta share gumi.

"Duka za ki ba ni? Ki rage ko shida mana, ko za ki buƙata."

"Ɗauki duka, Yaya," in ji ta. "Ba ni da abin da zan zuba."